Tarihin Marigayi Jibo Bakari, Mai Raƙumin Sawaba

Yau za mu ɗauko rayuwar wani mutum ne wanda yawancin matasan da ke kasuwar Arlit da ta Akokan ba su san shi ba sai a suna, amma idan ka zauna da tsofaffin da suka zo garin daga Tawa ko Damagaram ko Maraɗi tun farkon buɗe ramin yuraniyom, ka ambaci raƙumi da giwa, nan take za ka ga sun gyara zama. Wannan mutum shi ne marigayi Jibo Bakari, jagoran jam'iyyar Sawaba, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe gwamnati a Nijar tun kafin a samu mulkin kai, wanda kuma ya rasa wannan kujera saboda ya ƙi yarda a ci gaba da tafiyar hawainiya da Turawan Faransa.

An haife shi a shekarar 1922 a Sudure, wani ƙauye da ke kusa da Yamai. A wannan ƙauyen ne kuma aka haifi Jori Hamani a 1916, kuma su biyun 'yan uwa ne na jini, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu, domin duk rigimar da za ta biyo baya tsakanin 'yan gida ɗaya aka yi ta. Tun yana yaro aka kai Jibo Tawa, a can ya tashi, a can ya shiga lakwal, a can kuma bakinsa ya faɗa da Hausa, wadda daga baya ta zama babban jarinsa a fagen siyasa. Daga nan ya wuce makarantar William Ponty da ke ƙasar Senegal, inda Turawa ke horar da malamai da akawuna na ƙasashen da suke mulka. Da ya dawo a farkon shekarun 1940 sai aka tura shi koyarwa Birnin Ƙonni, daga bisani kuma Agadas. A lokacin babu wani gari mai suna Arlit, wurin fili ne fetal sai makiyaya da raƙumansu.

Abin da mushen lakwal yake gani a wancan zamani ba kaɗan ba ne. Akwai aikin tilas, inda ake ɗibar magidanta a kai su gyaran hanya ko ginin bariki ba tare da ko sisi ba. Akwai dokar da ta bai wa kumandan ikon ya kulle talaka har kwana 15 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Akwai lanfo da ake karɓa a kan kowane kai, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, ga kuma ƙwacen hatsi da dabbobi da aka yi ta yi lokacin yaƙin duniya na biyu. A shekarar 1946 ne aka soke aikin tilas da waccan doka ta kumandan, aka kuma ba da damar kafa jam'iyyu. A watan Mayu na shekarar aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, wadda ta shiga ƙarƙashin babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako a watan Oktoba, mai alamar giwa. Jori ya tafi Paris a matsayin ɗan majalisa, shi kuwa Jibo ya zama babban sakataren jam'iyya, shi ne mai yawon gari-gari yana tara jama'a.

To, a shekarar 1950 ne aka zo mararraba. Can a majalisar Paris, wakilan RDA sun jingina ne da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, saboda ita ce ke goya musu baya idan ana maganar 'yan mulkin mallaka. Wannan ya sa gwamnonin Turawa suka ɗauki RDA a matsayin abokiyar gaba. A Kodebuwa an harbe mutane, an cika gidajen kaso. A Nijar ana ɗauke ma'aikacin da aka san ɗan jam'iyya ne a jefa shi can wani lungu, an kuma ɗaure wa wata jam'iyya ta sarakuna mai suna UNIS gindi don ta karya PPN. Da wuya ta yi wuya, sai shugaban RDA, Ufwet Bwanyi na Kodebuwa, ya yanke shawarar rabuwa da 'yan kwaminis a watan Oktoban 1950, ya nemi sulhu da gwamnati, lokacin Faransuwa Mitteran ne ministan ƙasashen da Faransa ke mulka. Jori ya bi wannan layi. Jibo ya ƙi.

A gaskiya idan za a yi wa Jori adalci, hujjarsa ba ta banza ba ce. Ƙasa ce mai faɗi, ba ta da teku, 'yan bokonta ba su taka kara sun karya ba, don haka a ganinsa gara a lallaɓa a karɓi abin da ya samu, gobe a nemi ƙari. Shi kuwa Jibo abin da ya gani shi ne, duk lokacin da manya suka shirya da Bature, su ne ke samun kujera da mota, talaka kuwa lanfonsa na nan yadda yake, kumandan na nan, sarkin kanto na nan da dogaransa. Wannan saɓani ne ya fitar da shi daga PPN a 1951, ba kujera, ba albashi.

Nan ne fa tarihin ya shafe ku, 'yan kasuwa da iyayenmu mata. Da 'yan boko suka juya masa baya, sai Jibo ya koma wurin waɗanda babu mai zuwa neman shawararsu. Ya shiga aikin sandika, yana haɗa kan leburori da ma'aikata, kuma yana cikin waɗanda suka ja gaba a yajin aikin 1953, lokacin da ma'aikata a duk yammacin Afirka ta Faransa suka tashi neman a yi aiki da sabuwar dokar ƙwadago da aka zartar a ƙarshen 1952. A 1954 ya kafa tasa jam'iyyar mai suna UDN. Mutanenta su ne direbobin manyan motoci da yaransu, da teloli, da mahauta, da 'yan koli, da masu sai da goro, da 'yan dako, da masu gyaran keke, da ƙananan ma'aikatan gidan waya, da mata masu sai da abinci a tasha, har ma da mata masu zaman kansu, waɗanda gidajensu suka zama wurin taro a lokacin da babu mai iya ba da zaurensa. Manyan gari sun yi ta yi wa jam'iyyar gori da cewa ta 'yan tasha ce. To amma 'yan tashar ne ke da hanya. Motar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, tana ɗauke da kaya tana kuma ɗauke da saƙo, kafin kumandan ya ji labari magana ta riga ta kai kasuwar ƙauye. Babu rediyo a hannunsu, babu kuɗi, da baki da ƙafa aka gina ta.

Kuma akwai abin da ke ci wa waɗannan mutane tuwo a ƙwarya. Gyaɗa ita ce dukiyar ƙasa a lokacin, amma manyan kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA su ne ke riƙe da sikeli, su ke kuma shigo da atamfa da sukari da kananzir, ɗan ƙasa sai dai ya zama ɗan kamasho. Mai ƙaramin jari ya biya lanfo, ya biya patanti, ya ba dogari nasa. Shi ya sa kalmar sawaba, wato samun sauƙi bayan wahala, ta shiga bakin jama'a har ta danne sunan jam'iyyar na boko, raƙumi kuma ya zama alamarta. Kalmar ba baƙuwa ba ce ga duk mai zuwa Kano fatauci, domin a can ma tun watan Agustan 1950 an kafa NEPU, jam'iyyar neman sawaba, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta bayan shi ma ya gaji da masu lallaɓa sarakuna da Turawan Ingila. Daga can ne Hajiya Gambo ta Zariya ta samo laƙabinta. Iyakar da Bature ya shata ba ta hana mutanen jam'iyyun biyu sanin juna da taimakon juna ba.

A watan Yunin 1956 Faransa ta yi dokar da ta bai wa kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a, ta kuma yarda kowace ƙasa ta kafa 'yar gwamnatinta ta cikin gida. A nan Jibo ya yi wani lissafi wanda har yau ake gardama a kansa. Ya san yana da birane da bakin hanya, amma ƙuri'ar ƙauye tana hannun sarakuna. Sai ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar BNA ta su Isufu Sa'idu Jarmakwai da Jorj Konda, wadda ta fito daga cikin tsohuwar jam'iyyar nan ta sarakuna. Da wannan haɗin gwiwa ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko a ƙarshen 1956, sannan a zaɓen watan Maris na 1957 suka lashe kujeru 41 daga cikin 60, PPN ta tashi da 19. A watan Mayu ya kafa gwamnati a matsayin mataimakin gwamna Bature, a watan Yulin 1958 kuma ya zama shugaban majalisar gwamnatin. Wato dai mutumin da ya bar jam'iyya saboda an yi sulhu da masu iko, shi ma sai da ya hau mulki a kan kafaɗar masu iko. Bai kuma tsaya nan ba, gwamnatinsa ta shiga dakatar da wasu sarakunan kanto da ake kuka da su. Talakawa sun ji daɗi, amma sauran sarakuna sun ga gemun ɗan uwansu ya kama wuta, kowa ya shafa wa nasa ruwa ya zauna jiran rana.

Yanzu bari mu dubi arewa, domin abin da ke ƙarƙashin ƙasar Abzin yana da hannu a abin da ya faru. A shekarar 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa, suna neman tagulla, suka ci karo da alamun yuraniyom a Azelik, wajen Ingal. A watan Janairun wannan shekarar ne kuma majalisar Faransa ta kafa wata hukuma mai suna OCRS, wadda aka shirya za ta haɗa saharar Aljeriya da arewacin Mali da Nijar da Cadi a ƙarƙashin kulawar Paris kai tsaye, har da yankin Agadas da Bilma da arewacin Tawa. Jibo bai yi na'am da wannan shiri ba. Ga yaƙin neman 'yancin Aljeriya ana gwabzawa tun 1954 a kan iyakarmu ta arewa, ga Faransa na shirin gwada bam ɗinta na nukiliya a sahara, wanda ta tayar a Reggan a watan Fabrairun 1960. Duk wanda ya haɗa waɗannan zai gane cewa a idon Paris, Nijar ba ƙasar da za a bari ta faɗa hannun abokin Kwame Nkrumah ba ce.

Janar Dagol ya dawo mulki a watan Yunin 1958, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa ranar 28 ga Satumba: ko ta ce i, ta zauna cikin tarayya da Faransa da ɗan ikon cikin gida, ko ta ce a'a, ta ɗauki 'yancinta nan take a kuma yanke mata duk wani taimako. Tun a watan Yuli, a babban taron jam'iyyar PRA da aka yi a Kwatano, wadda Jibo ne babban sakatarenta, an tsai da shawarar neman 'yanci ba da jinkiri ba. Amma da ranar ta matso, sai shugabannin da aka yi taron da su suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe a yammacin Afirka shugabannin gwamnati biyu kacal suka rage a kan a'a, Seku Ture na Gini da Jibo Bakari na Nijar.

Faransa ta sallama Gini, amma ba ta sallama Nijar ba. Ana saura 'yan makonni zaɓe aka turo sabon gwamna mai suna Kolombani, kuma aikin da ya kawo shi ɗaya ne. Kumandodi suka bazu cikin ƙauyuka, aka tuna wa sarakuna wanda ya tuɓe 'yan uwansu, aka tsorata tsofaffin soja da maganar fansho, aka nuna ƙarfin soja. Jarmakwai da sarakunan da suka ɗora Jibo suka koma ɓangaren i, inda Jori da Bubu Hama suke. Da aka ƙidaya, i ta samu kashi 78 cikin 100, a'a kashi 22. Sai dai kashi 37 kawai na waɗanda aka rubuta suka fito, wato a cikin mutum uku kusan biyu sun zauna gida. An yi matsi, wannan babu tantama. Amma a ganina har da kuskuren lissafi: Jibo ya ɗauka taron da ke cika fili idan ya zo gari shi ne ƙasa, alhali mafi yawan masu ƙuri'a suna karkara, inda maganar sarki ta fi ta direba nauyi, kuma makonni kaɗan ba su isa a fahimtar da manomi abin da a'a za ta jawo masa ko ta kare shi daga gare shi ba.

Daga nan abubuwa suka taho da sauri. A watan Oktoba gwamnatinsa ta faɗi. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a watan Disamba, ɓangaren Jori ya samu kujeru 49, Sawaba 11, su ma aka soke zaɓen Damagaram da Tasawa inda ta ci su. Ranar 18 ga Disamban 1958 Jori ya hau. A watan Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, Jibo yana gudun hijira a Bamako. Ranar 3 ga Agustan 1960, ƙasa da shekara biyu bayan an ce Nijar ba ta isa tsayawa da ƙafarta ba, aka ba ta mulkin kai, aka miƙa shi ga waɗanda suka yi yaƙi da a'a. A watan Afrilun 1961 kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa, wadda a cikinta aka ambaci yuraniyom da sunansa a jerin ma'adinan da Faransa ke da fifiko a kansu. A lokacin ko buhu ɗaya ba a haƙo ba.

Abin da ya biyo baya shi ne babi mafi ɗaci. Da aka toshe hanyar ƙuri'a, shugabannin Sawaba da ke waje suka zaɓi bindiga. An tura samari horo Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa da Gana, kuma a ƙarshen daminar 1964 suka shigo ƙungiya-ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, da zaton jama'a za su tashi su mara musu baya. Jama'a ba su tashi ba. Cikin 'yan makonni aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilun 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idin babbar salla a Yamai da nufin kashe Jori, Jori ya tsira, wani yaro ya rasa ransa. Wa ya biya kuɗin wannan duka? Ba waɗanda ke Akara ba. Telan nan ne da mahaucin nan da matar nan mai tuwo, waɗanda aka bi gida-gida aka kwashe, wasu suka mutu a tsare, wasu suka tsallaka Kano da Katsina suka bar rumfunansu. Shekara da shekaru ko sunan Sawaba ba a iya furtawa a kasuwa sai an waiga. Zaluncin gwamnatin Jori a wannan lokaci abu ne da ya tabbata, amma wanda ya tura yaran mutane da ƙananan bindigogi su tunkari gwamnatin da sojan Faransa ke tsaye bayanta, shi ma yana da nasa kason na alhaki. Da aka kifar da Nkrumah a watan Fabrairun 1966, Jibo ya koma Konakiri.

Yana can aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka gina garin Arlit saboda shi, aka fara fitar da yuraniyom a 1971. Sai ga wani abin mamaki. Jori, mai haƙuri da lallashi, wanda ya shekara 15 yana zaman lafiya da Paris, shi ne da kansa ya tashi neman a ƙara wa yuraniyom kuɗi, bayan farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, ga kuma fari da yunwa sun gama da dabbobi da mutane. An zauna da wakilan Faransa a Yamai a watan Maris na 1974, aka tashi ba a daidaita ba. Ranar 15 ga Afrilu sojoji ƙarƙashin Seini Kunce suka kifar da shi, matarsa Aisa ta rasa ranta a daren. Dalilin da sojojin suka bayar shi ne yunwa da yadda aka yi da kayan agaji, kuma wannan kuka ne na gaskiya. Abin da kowa ya lura da shi dai shi ne, sojan Faransa da ke Yamai ba su motsa ba.

Jibo ya dawo gida a 1974 bisa sharaɗin ba zai yi siyasa ba. Shekara ɗaya kawai ya yi a sake. A watan Agustan 1975 aka kama shi tare da Sani Suna Siddo, na biyu a gwamnatin soja, bisa zargin shirya juyin mulki. Haka 'yan uwan nan biyu na Sudure, mai gaggawa da mai lallaɓawa, suka zama fursunonin mutum ɗaya, a daidai shekarun da kuɗin yuraniyom ya fi shigowa, aka buɗe ramin COMINAK a Akuta a 1978, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka yi manyan gine-gine a Yamai. Bai samu walwala ba sai cikin shekarun 1980. Jori ya rasu a Maroko a 1989.

Da aka dawo siyasar jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1991, Jibo ya sake ɗaga tutar raƙumi, amma Sawaba ta rabe biyu, mutanenta na da sun tsufa ko sun mutu, matasa kuma suna da nasu gwanayen. Ya wallafa littafin tarihin gwagwarmayarsa da Faransanci a 1992. A zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairun 1993, wanda Mahamman Usman ya lashe a zagaye na biyu, ko kashi 2 cikin 100 bai samu ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilun 1998, yana da shekara 76. Allah ya jiƙansa.

Maganar da ya tayar kuwa ba ta bi shi kabari ba, kuma babu inda aka fi jin ta kamar Arlit. An rufe COMINAK a ƙarshen watan Maris na 2021 bayan shekara fiye da 40 ana haƙa, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, duk mai rumfa a Akokan kuma ya ji a cinikinsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sojan Faransa suka fice daga ƙasar kafin ƙarshen shekarar, a watan Yunin 2025 kuma hukumomin soja suka ba da sanarwar mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, kamfanin da a lokacin Orano na Faransa ke da kashi 63 cikin 100 a cikinsa. Tsakanin waɗannan biyun, a watan Oktoban 2024, an cire sunan Janar Dagol daga wani babban titi a tsakiyar Yamai aka sa na Jibo Bakari, shekara 26 bayan rasuwarsa, shekara 66 bayan ƙuri'ar da ta raba shi da mulki.